Sun tashi Malam Sabo mai shayi

Laraba, bayan isha'i

Yau sun tashi Malam Sabo daga bakin ƙofar kwaleji. Shekara ashirin yana ƙarƙashin darbejiyar nan, inda mu malamai da ɗalibai da manoman unguwa muke haɗuwa bayan magariba, a sha shayi, a yi musu. Yanzu an sare bishiyar, an jera shaguna masu ƙofar gilashi, ga janareta, ga kiɗa, ko sallama ba ka ji.

Abin da ya fi ƙona min rai, mai ginin Nura ne, tsohon ɗalibina, wanda Malam Sabo ya sha ba shi shayi da burodi kyauta. Na tare shi na ce, "Nura, ko lungu ɗaya ba za ka bar wa dattijon nan ba?" Ya ce, "Malam, bencinsa yana ɓata wa wurin kyau."

Ni na taya Malam Sabo ɗora teburinsa a baro. Shi ma yake ba ni haƙuri, wai kada in yi wa Nura baki. Na ce to. Amma wallahi na kasa yi masa fatan alheri.