Sunana a Ƙarƙashin Fuskarki

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan makwancinki na cikin haske da yalwa. Na rubuto ne in kawo ƙarar kaina, don na yi abin da na san da kina nan, harara ɗaya za ki yi mini in shiga taitayina.

Kin tuna bidiyon da Sadiku, autanki, ya ɗauke ki da waya a barandar gidanmu na Nassarawa, wata biyu kafin ki kwanta ciwo? Kina tsinkar zogale, yana ta jan ki da hira, kina cewa ya kawar da abin nan daga fuskarki. Shi ne 'yan uwa suka ɗora mini aikin haɗawa, wai ni ce mai haƙurin zama gaban kwamfuta. 'Ya'yan ƙanwata Zainab da ke Kanada kuwa Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" ba, dole na bi maganarki jimla-jimla ina rubuta fassarar Turanci a ƙasan hoton.

Tun daga farkon fim ɗin na sha wuya. Inda ake rubuta suna, hannuna ya ƙi buga sunanki na yanka. "Hajiyarmu" na sa da farin rubutu, na wuce.

Aikin nan ya sake koya mini ke. Sai in tsayar, in koma baya, in saurara, in daidaita rubutun ya fito daidai lokacin da kika buɗe baki, ya ɓace da kin rufe. Ashe ba kya ɓarnar kalma ko ɗaya. Duk shekarun da kika yi kina shugabar makarantar firamare a Tudun Wada, a jimla uku kika tattara su. Ni kuwa Turancina ya cika layi huɗu bai kamo ki ba.

Can tsakiyar hirar, Sadiku da tsokanarsa ya tambaye ki wa kika fi dogara da shi a cikinmu. Kika daɗe kina tsinkar ganye kamar ba ki ji ba, sannan kika ce, "Waccan ta Giginyu. In ta ce za ta yi abu, na daina tunaninsa."

Hajiya, ni ce ke aure a Giginyu. Ni ce 'yar farin da tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakinki ba. "Ke" nake, ko "yarinyar nan". Na san alkunya ce, kowa ya sani. Amma ba zan ɓoye miki ba, ina ƙarama na sha kuka a bayan kicin ina zaton ba kya so na.

Sadiku ya ce kawai in rubuta Rabi a fassarar, don yaran ba za su gane wace ce waccan ba. Na buga, na kunna. Leɓɓanki suna motsi, sunana yana ƙasa, daƙiƙa uku. Na yi ta maimaitawa har shinkafar da na ɗora ta kama.

Sai kuma kunya ta rufe ni. Abin da kika riƙe shekara arba'in da shida saboda kawaici, ni ce zan cusa miki shi a baki da harafi huɗu? Na goge, na fassara yadda kika faɗa. In yaran sun tambaya, uwarsu ta zaunar da su ta gaya musu irin kakar da suka yi.

To ga laifin nawa. Kafin in goge, na adana wancan na farko a wayata. Ban nuna wa kowa ba, kuma ba na jin zan iya share shi. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙan ki, ya saka miki da Aljanna, ya haɗa mu a inda babu rabuwa.

'Yarki ta fari,
Rabi