Yadda Na Raba Ja da Shuɗi

Litinin, 9 ga Oktoba, 2023

Yau na kafa manhajar filin gasar mutum-mutumi a laftof ɗin makaranta. Ita ce alƙaliyar wasa: ta busa a fara, ta riƙe lokaci, in ya cika ta tsayar da kowane mutum-mutumi a inda yake. Ita ce kuma ke cakuɗa ƙungiyoyi ta haɗa su bibbiyu, ɓangaren ja da ɓangaren shuɗi. Rauta, wato na'urar haɗa intanet, ta yi mini taurin kai irin na akuya, amma kafin a tashi ta haƙura.

Ranar Asabar Malam Abdulmalik zai kawo ɗalibansa daga Tudun Wada su yi atisaye da namu a nan Romi. Mu ke da fili, su ba su da shi. In ba su gwada a nan ba, kunya za su je sha a gasar Abuja. Shi ya koya mini manhajar ma a wajen kwas.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na zuba sunaye, na danna ta cakuɗa. Wasan farko, Kevin ɗinmu da wata Maryam tasu a gefe ɗaya. Na biyu ma gauraye, na uku ma. Na tuna uwar Kevin da bakinta, da sauran iyayen da za su cika zauren. Sai na bi da hannu na gyara: namu duka ja, nasu duka shuɗi. Kowa da nasa, babu tashin hankali.

Na faɗa wa Mista Jethro, shugaban makaranta. Ya ce, "Kin yi hankali, Damaris." Har wani daɗi na ji, wai ni mai dabara.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Gwaji lafiya lau. An zuba wa janareto mai.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ban san ta ina zan fara ba.

Sun iso da hantsi a bas, kowa rungume da kwalinsa. Na kunna majigi, sunaye suka fito a bango. Hagu: Kevin, Tracy, Derrick. Dama: Maryam, Mamman, Hadiza. Sai da na gan su manya-manya a bango na gane abin da na aikata. Yara suka bi launinsu, iyaye suka bi yara. Kafin a busa, zauren ya rabu biyu.

A wasa na uku mutum-mutumin Kevin ya bangaje na Maryam ya kife. Abin da ke faruwa kullum ne. Amma wani uba a gefenmu ya ɗaga murya: "Ku nuna musu nan ba Tudun Wada ba ce!" Aka yi tafi. Direban bas ɗinsu ya miƙe tsaye. Na danna maɓallin tsayarwa, komai na filin ya mutu a inda yake, zauren ya yi tsit. Maryam ta shiga ta ɗauki nata ta koma benci. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

Malam ya zo teburina ya rage murya. "Malama, manhajar nan ba ta haɗa wasa haka."

Na ce rauta ce ke ba mu matsala. Rauta! Ga mutumin da ya koya mini! Ya kwashe yaransa kafin azahar, shinkafar da muka dafa musu ko buɗe ta ba a yi ba.

Lahadi, 15 ga Oktoba

A coci uwar Kevin ta rungume ni, wai mun lallasa su. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Talata, 17 ga Oktoba

Na kira Malam. Na ce ba rauta ba ce, ni ce, tsoro ne. Ya ce ya sani tun ranar. Sannan ya ce: "A Abuja wa zai bi da hannu ya raba musu?" Ya ce iyayen Maryam sun ce ba za ta ƙara tsallako gadar da ta raba unguwarsu da tamu ba. Sauran iyayen zai roƙe su su bar yaransu su dawo ranar Asabar.

Mista Jethro na so a soke atisayen baki ɗaya. Na tsaya a ofis ɗinsa na ƙi fita har ya gaji ya haƙura.

Asabar, 21 ga Oktoba

Rabinsu suka zo. Ban da Maryam.

Na danna cakuɗawa a gaban kowa. Kevin ya faɗo gefe ɗaya da Mamman. Uwar Kevin ta taso kaina: "Abeg, wa ya haɗa ɗana da wannan yaron?" Amsar tana bakina, in ce manhaja ce. Na ce, "Ni ce, Mama Kevin." Ta ja tsaki ta fice. Kevin bai bi ta ba. An ci shi da Mamman ƙwarai, suka zauna a ƙasa suna gardamar wa ya tare wa wani hanya.

Da za su tafi na tambayi Malam kwatancen gidan su Maryam. Ya faɗa mini. Ban ce zan je ba. Na dai goge atamfata ta fita, na kuma ari mayafi a wajen maƙwabciyata Martha.