Tarin da Ke Cikin Simfoni na Biyar

Ludlow, 3 ga Maris

Ƙanwata Marian,

Gaisuwa mai yawa, ke da karnukanki marasa kunya.

Ɗakin da Baba zai koma a gidan kula da tsofaffi ba zai ɗauki garmaho da akwatin faifansa ba. Don haka zan saya masa simfoni tara, wato dogayen kiɗe-kiɗen nan na gwanin kiɗansa, a ƙananan faifai. Kin san ba shi da lafiya in Lahadi ta wuce bai ji su ba.

Naɗi uku daban-daban na samu. Na farko, madugun makaɗan sauri yake kamar jirgin ƙasa zai bar shi. Na biyu, shayina ya huce sau biyu ba a gama simfoni ɗaya ba. Na ukun shi ne na 1966 da Baba ke da shi, wanda aka naɗa gaban 'yan kallo masu mura. Wanne kika gani?

Yayanki,
Clive

Whitby, 7 ga Maris

Yaya Clive,

Karnuka suna amsawa, sun ce kai ma ba kunyar gare ka ba.

Sati biyu kana zaune da kunne a bakin sifika, matarka ta gaya mini. Kai dai saya masa irin nasa mana! Tsofaffin faifan kuma ran Asabar ta sama zan kai su shagon gwanjo na sadaka, bayana ya gaji da jan akwatin.

Ka gaida gida,
Marian

Ludlow, 12 ga Maris

Marian,

Da fatan bayan ya yi sauƙi. Na bi shawararki, kada ki saba. Na 1966 na saya, amma sabon bugu wanda aka wanke tas. Babu ƙarar allurar garmaho, kuma albishirinki, har tarin matar nan da ke ɓata wurin da ya fi ko'ina laushi a simfoni na biyar an goge shi. Shekara hamsin ina jin haushin baiwar Allah nan. Na aika wa Baba jiya, ina jiran yabo.

Naki,
Clive

Harrogate, 16 ga Maris

Ɗana Clive,

Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso, na gode ƙwarai. Kiɗan ya fita fes, har na ji sarewar da ban taɓa sanin tana wurin ba.

Sai dai na saurari na biyar sau uku, ban ji mahaifiyarku ba. Ranar da aka naɗa shi, ita ce a kujerar da ke kusa da tawa. Ta yi ta danne tarin har ta yi jajir, sannan ya ƙwace mata. Na miƙa mata alewar tari, daga nan muka san juna. Ta sa na yi alkawarin ba zan gaya muku ba, don kunya, kuma tana jin ka duk Lahadi kana yi wa matar tsaki. Dariya take yi a kicin.

Tun rasuwarta, nan kaɗai nake jin muryarta. Ina kewarta sosai.

Mahaifinka,
Norman

Whitby, 18 ga Maris

Yaya,

Kiranka bakwai na tarar a waya, na kuma ji saƙonka kan wasiƙar Baba, kwantar da hankalinka. Akwatin yana bayan motata, ban kai ba. Na auna ɗakin Baba: in aka fitar da kujerar baƙi, garmaho zai shiga.

Ran Lahadi ka zo, a tsaye za ka saurara. Ka taho da alewar tari, ka ba Mama haƙuri.

Marian