Matar da ta San Obdulia

Tampa, Fabrairu 1979

Ƙanena Evaristo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Mama da 'yarka Yamile kuna lafiya. Bayan haka, ina nan tafe. Shekara da shekaru ina roƙon a bar ni in ga uwar da ta haife ni, yanzu hukumomin ƙasarmu sun yarda, amma wai a matsayin 'yar yawon buɗe ido. Ni da aka haifa a Camagüey! Za su ajiye mu a otal, su loda mu a bas, wata 'yar yarinya ta riƙa nuna min cocin da aka yi min baftisma. To, da babu gara ba daɗi.

An ƙayyade nauyin jaka, amma ba a auna abin da ke jikin mutum, don haka duk matan da ke zuwa riga kan riga suke sawa, su tuɓe wa danginsu. Aiko min da awon Mama da na Yamile. Ka ce wa Mama ta jiƙa baƙin wake, da na ga hanya zan sulale in zo gida.

Yayarka,
Obdulia

Camagüey, Maris 1979

Zuwa ga Yaya Obdulia,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na ba wani matafiyi wannan takarda hannu da hannu, domin ba irin wadda ake kaiwa gidan waya ba ce.

Yaya, don Allah kada ki zo gida. Ana kan duba ko za a ɗauki Yamile makarantar likita, kuma cikin abin da ake tambaya har da ko iyali na hulɗa da waɗanda suka bar ƙasa. Shugabar kwamitin unguwa, Nereida, ƙofarta na kallon tamu, ko kyanwa ce ta shigo sai ta san daga ina.

Ga shawarata. Motarku za ta tsaya a dandalin coci ranar Laraba. Zan kawo Mama benci na ƙarƙashin bishiya, ki zo ki zauna kamar baƙuwar da ta gaji. Jagorarku na kai rahoton duk wanda kuka yi magana da shi, sai ki kiyaye bakinki, na san halinsa. Ban gaya wa Mama kina zuwa ba, in ta sani kafin rana ta yi tsaka layinmu ya sani. Idanunta kuma sun yi yana sosai.

Ki yi haƙuri. Ba a son raina ba.

Ƙanenki,
Evaristo

Tampa, Afrilu 1979

Evaristo,

Gaisuwar ta Mama ce da Yamile, kai ka jira taka.

Na yi abin da ka ce, sai ka zuba ruwa a ƙasa ka sha. Na kwana ina tunanin ko za ka ja ni bayan coci in tuɓe muku kayan, shi ya sa na fito da su a jikina cikin wannan rana: riguna biyar, siket uku, hula kan hula. Na sauko daga mota kamar buhun gawayi, zufa har cikin takalmi. Tun safe an kai mu masana'antar madara mun tafa wa shanu, an kai mu makaranta yara sun rera mana waƙa. Jagorar nan, Idalmis, ta manne min kamar kaska, ko bayi na shiga tana ƙofa tana tambaya, "Kwamared baƙuwa, lafiya dai?"

Na zauna kusa da uwata. Ta tsufa, Evaristo, ba ka taɓa rubuta min cewa ta ƙanƙance haka ba. Ta lalubo hannuna ta ce, "Baiwar Allah, daga can kike?"

Na ce, "Daga can, Iya."

"Kin san wata Obdulia? 'Yar siririya, bakinta ya fi ta girma."

Idalmis na tsaye a kanmu tana fifita, kai kuma ka ƙura wa tantabaru ido kamar an aiko ka kiwonsu. Na ce, "Na santa. Tana lafiya."

"Tana cin abinci kuwa? Ko har yanzu kofi take ɗirkawa ciki babu komai?"

"Tana ci, Iya."

"Ki ce mata tsohuwarta na nan, ba ta rasa komai ba."

Sai Idalmis ta tafa hannu, "Mota na jira, saura gidan tarihi!" Na tashi na bi ta kamar tunkiya. A gidan tarihin na yi kukana, ta ɗauka labarin juyin juya hali ne ya taɓa ni, har ta ba ni hankici.

Na haye teku na zauna kafaɗa da kafaɗa da uwata, ta ɗauke ni wata ƙatuwar baƙuwa ta ba ni saƙo in kai wa kaina. Kayan ma da su na dawo. Raina a ɓace yake, da kai, da su, da ni da na biye maka. Allah ya sa likitancin ya kai wannan tsada.

Obdulia

Camagüey, Yuni 1979

Obdulia,

Ina gaishe ki. Yamile ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma hana ta gyara min magana.

Ƙanenki ya yi ta yawo da fuska kamar an aiko masa da mutuwa, sai da na matsa ya karanta min takardarki. Ku biyun nan kun ɗauke ni sakarai. Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Tun kina sauka daga mota kina yi wa direba masifa na gane ki. Na ji gwiwar Evaristo na kaɗa bencin, na ji mutum tsaye a kanmu yana fifita, me ya rage ban sani ba? A ƙasar nan na tsufa. Tambayoyin da na yi miki su ne nake son ji, kuma kin amsa, sai dai kin yi min ƙarya kan abinci. Wuyan hannunki ba ya sa riga, ƙashi zalla na taɓa.

Ki daina zagin yaron nan. An ɗauki Yamile.

Abu guda ne ya tsaya min a wuya. Tun kina ƙarama ba ki taɓa fita ƙofa ba sai kin ce, "Albarka, Mama," in amsa miki. Ran nan kika tashi ba ki nema ba, ni ma na haɗiye. Ƙafafuna sun fara kumbura, ba na jin zan jira wata motar, don haka karɓi a takarda. Allah ya yi miki albarka, 'yata.

Uwarki,
Herminia