Ya Mayar da Mutuwar Ɗana Darasin Annabci

Mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfina.

Ɗana ɗaya ne tak, direban motar burodi. Bara faɗa ya ɓarke a wani gari da yake kai kaya, aka tare hanya, aka kashe shi a cikin motarsa. Da takalminsa na gane gawar.

Wan mijina dattijo ne a ikilisiyarmu, shi ke koyar da annabci. Ranar zaman makoki ina zaune a falo, sai Yaya ya miƙe a gaban mutane ya ce in share hawaye. Wai annabawa sun yi marmarin ganin kwanakin nan ba su gani ba, mu kuwa ga yaƙe-yaƙen da aka faɗa mun gani da idonmu. Wai albarka ce ta shigo gidanmu. Wasu har da amin.

Bai tsaya nan ba. Ya cire hoton yaron daga bango, ya sa aka ƙara girmansa, yana ɗagawa a aji yana nuni da sanda. Da kuka ya ƙwace mini a majami'a, ya gaya wa mata cewa ban shirya wa zuwan Ubangiji ba. Yanzu ni kaɗai nake zama a bencina. Mijina kuwa a hannun Yaya ya girma, ba ya iya ɗaga masa ido, sai dai ya shiga ɗakin yaron ya rufe ƙofa.

Ga shi Yaya ya matsa sai na tsaya gaban jama'a na gode wa Allah da ya bar ni na ga cikar annabci. In na durƙusa zan yi addu'a, sai bakina ya ƙi buɗuwa. Ni ce marar bangaskiya?

Uwar direba

'Yar'uwata, Allah ya ba ki haƙuri. A'a, ba ke ba ce.

Zan ba wan mijinki gaskiyarsa guda: mu Kirista mun yarda albarka ce a ga alkawarin Allah ya cika. Amma albarkar ta ganin Mai Ceto ce, ba ta ganin gawa ba. Tsohon nan da ya rungumi jariri Yesu a Haikali ya yi murna, duk da haka bai ɓoye wa uwar baƙin cikin da ke jiran ta ba. Yesu kansa ya yi kuka a kabarin abokinsa, alhali ya san zai tashe shi. Wataƙila Yaya ma tsoron kukansa yake, ya fake da wa'azi. Ko da haka ne, abin da yake yi miki mugunta ce.

Kada ki ba da shaidar nan. Godiyar dole ƙarya ce a gaban Allah. Ki tafi wurin fasto da wata dattijuwa da kika amince da ita, ki faɗi komai, ki nemi a dawo miki da hoton. In fasto ya yi shiru, akwai wasu majami'u. Mijinki kuma, ki ƙwanƙwasa ƙofar nan, ki shiga ku yi kukan tare.

Addu'a kuwa, ki ci gaba da durƙusawa ko babu magana. Ana jin ki. Ubangiji ya ta'azantar da ku.