Muryar Mai Kemis

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu ma nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, wai wace irin mace ce ke bin ƙarar bindiga da kyamara a wuya.

Yaya, maganar hirar da na aiko maka ce ta sa na rubuto, wadda na yi da mai kemis na bayan tasha, mutumin da ke ɗinke raunin waɗanda faɗa ya rutsa da su a ɗakin ajiyarsa, ba ya tambayar ɓangaren kowa. Na sha zarya kafin ya yarda. Ya ce shi ba kyamara yake tsoro ba, masu kallo yake tsoro. Na rantse masa za a rufe fuskarsa, a sauya muryarsa, na ce wanda zai tace hirar a gidan talabijin ɗin yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sai da ya ji haka ya jawo kujera ya zauna.

Fuska kam ka rufe, sannu da ƙoƙari. Amma ka bar muryar yadda take, har da in'inarsa, wadda duk wanda ya taɓa sayen maganin ciwon kai a unguwar nan ya san ta. Da na kira ka ina kuka, ka ce muryar da aka sauya ba ta shiga zuciyar mai kallo, kuma shugabanka ya yaba da aikin. Washegari masu bindiga suka zo, ko kwatance ba su nema ba. Suka tafi da shi, har yau babu labarinsa.

Wallahi ka ci amanata, Yaya, kuma da bakina ka ci tasa. Ba kuskure ba ne, ka zauna a ofis mai sanyi ka zaɓa. Jiya matarsa ta zo gidanmu da goyo. Ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, kafin a tafi da shi mijinta ya ce ta kwantar da hankalinta, abin yana hannun 'yan gida.

Ka sa a sauke hirar nan yau, ka buga wa duk wani babba da ka sani waya. Ni dai ba zan ƙara aiko maka da muryar kowa ba.

Ka gaida Anti, da Auta, da 'yan biyu. Kawu Dogo yana gaishe ka. Inna ma haka, ban gaya mata ba, tana nan tana alfahari da kai wurin maƙwabta. Matar mai kemis za ta dawo jin abin da ka ce. Ka aiko da amsar da zan iya faɗa mata ina kallon idonta.

Ƙanwarka,
'Yar Jarida