Uhum da Madalla

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Na zaɓe ta ne don ita ba a ce mata "uhum".

Ranar da Umma ta kira ka ina gefenta ina ninke kaya. Ta gaya maka likita ya ce ƙarin da ke maƙogwaronta sai an yi aiki, kuma in aka yi, muryarta ta tafi ke nan. Ina jiyo ƙarar kwamfutarka ta cikin wayar. Kana ta "uhum", "to", "haka ne", kowanne a gurbinsa. Da ta kai aya ka ce, "Madalla, Umma." Ta kife wayar a cinyarta, ta ce in miƙo mata ruwa. Raina ya ɓaci, kuma har yau bai gyaru ba.

An sa aikin farkon wata. Ka zo ka ji ta tun tana da bakin magana.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso, hankalina kuma ya tashi matuƙa. Wallahi na ɗauka zancen gyaran famfo take yi. Kin san Umma, sai ta bi ta kan famfon da ke yoyo da jikar maƙwabciya kafin ta iso inda za ta.

Abin da ya faru sananne ne a bincikenmu. Mukan zaunar da mutum biyu a ɗaki mai kyamara su yi hira, daga baya mu tambayi mai sauraro abin da ya riƙe. Mun gano saurare kashi biyu ne: na waje, wato gyaɗa kai da "uhum", da na ciki, wato fahimta da riƙewa. Wani ya ƙware a na waje, na cikin kuwa fanko, kuma mai magana ba ya ganewa.

Matsalar ita ce farkon wata muke rufe ɗaukar hirarrakin, ni ne kuma shugaba. Ki taimaka ki naɗa mini muryarta a wayarki, ta faɗi duk abin da take so. Zan saurara a natse.

Ki gaishe ta ƙwarai.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gode da darasi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ka gyara bincikenka wuri ɗaya: mai magana yana ganewa, kawaici kawai yake yi.

Na kai mata wayar kamar yadda ka ce. Ta ture hannuna, ta ce, "Murya hatsi ce da za a zuba masa a buhu?"

Kwanakin nan ba ta rufe baki, ko da yake muryar ta dushe. Ta ba ni labarin yadda Baba ya ɓatar da takalminsa ranar da aka haife ka, ta kira duk ƙawayenta, har mai gyaran famfo ya sha hira. Amma ta ce akwai magana ɗaya da kai kaɗai za ta gaya wa, ido da ido. Na yi roƙon duniya, ta ce ba tawa ba ce. Kullum kujerar da ke gefen gadonta sai ta sa na kwashe kayan da ke kai.

Tsoro nake ji, Yaya.

Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Na nemi mai riƙe mini aikin ban samu ba. Na sayi tikiti, zan iso kwana kaɗan bayan an yi wa Umma aikin. Ga takarda nan daban, ta ban haƙuri, ki karanta wa Umma.

Allah ya ba ta lafiya.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarka ta iso bayan an fito da Umma daga ɗakin tiyata. An yi aikin lafiya, muryar ta tafi. Umma kuma ka san ba ta rubutu.

Na karanta mata ban haƙurin naka. Idonta na kan taga, tana gyaɗa kai daidai inda ya kamata, ban san ko tana ji ba. Da na kai ƙarshe leɓunanta suka motsa. Babu sauti, amma na gane abin da ta ce: "Madalla."

Kujerar tana nan. Allah ya kawo ka lafiya.

Auta